Tsofaffin inabin Ɗa'ifa: littafin aikin bana

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau muka ƙirga su, ni da Kawu. Gindi 46 suka rage a gonar, a kan dakali uku da aka ɗaure da dutse a jikin tsauni, cikin wani kwari kudu da Ɗa'ifa idan ka ɗauki hanyar Bani Sa'ad: 14 a dakalin sama, 17 a na tsakiya, 15 a na ƙasa. Kawu ya ce sa'ad da ya fara aiki a nan sun haura 100. Tara daga ciki ban ga alamar rai a jikinsu ba, har na ɗauko jan fenti zan yi musu shaida, ya riƙe hannuna. Ya sa farce ya ɓamɓare ɓawon ɗaya, ya kai hanci ya shinshina, ya ce, "Bar ta, ɗan nan. Barci take yi."

Mai gonar ya rasu bara, Allah ya ji ƙansa. Babban ɗansa yana aiki a Jidda, kuma yana so a tumɓuke su duka a dasa irin nan marar ƙwallo da ake jerawa a manyan kantuna. Ban ga laifinsa ba. Ruwa yana da tsada, tsofaffin kuwa haihuwarsu ta ja baya. Na roƙe shi ya ba mu shekara ɗaya. Ya yarda, bisa sharaɗin ba zai ƙara ko riyal ɗaya a kan abin da yake kashewa ba, in lokacin tsinka ya yi mu ɗora a sikeli kowa ya gani.

Kakanmu a ƙafa ya baro ƙasar Hausa da niyyar hajji. Ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira ta Sudan kafin ya haye teku daga Suwakin. A Makka aka haifi mahaifiyata da ƙanenta, wato Kawu, shi kuma ya hawo tsaunin nan tun yana saurayi bai sake sauka ba. Yanzu yana ta rufe masa ido, ba ya kuma rubutu, duk abin da ya sani game da itatuwan nan yana cikin hannunsa ne. Ni motar kai kaya nake tuƙawa a cikin gari, Juma'a da Asabar kaɗai nake da su, sai ɗan yammaci in an tashi da wuri. Shi ya sa na buɗe wannan littafi, don duk abin da ya nuna mini in rubuta a ranar.

Juma'a, 24 ga Janairu

Mun fara aski. Haka Kawu yake kiran yankan rassa, Larabawan nan kuma su ce taƙlim.

Da safe sanyi har cikin ƙashi, ga hazo ya cika kwarin. Ɗa'ifa tana kan tsayin da ya kai mita 1,800 daga teku, wannan sanyin ne yake sa inabi ya zubar da ganye ya huta, abin da ba zai samu a Makka ko Jidda ba. Kawu bai yarda mu taɓa almakashi ba sai da rana ta ɗaga itacen ya bushe. Ya ce ciwon da aka yi wa itace a jiƙe, ta nan ruɓa take shiga.

Abu na farko da ya sa na riƙe shi ne, inabi ba ya haihuwa a kan tsohon reshe. Sabon tohon da ya fito daga reshen bara shi ne yake ɗauke da 'ya'ya. Reshen bara kuwa ko makaho ya san shi, santsi gare shi, launinsa kamar na kirfa, ɓawonsa bai fara tsagewa ba. Kawu yana bin sa da yatsa yana ƙirga idanu, irin yadda ake ƙirga idon rake. Baƙin inabin ido biyu yake bar masa a kowane reshe. Farin, mai dogayen 'ya'ya da ake kira raziƙi, yana bar masa reshe dogo mai ido takwas zuwa goma, don ya ce idanunsa na gindi ganye kawai suke kawowa. Yanka kuma a karkace, gangaren ya juya wa idon baya, yadda in itacen ya yi hawaye ba zai zubo a kansa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yawan abin da muke zubarwa. Cikin rassa goma, tara suna ƙasa. Na ce, "Kawu, ba mu yi ɓarna ba kuwa?" Ya ce shekara uku ba a yi musu aski na kirki ba tun da idonsa ya fara, shi ya sa suka gaji, kowace tana ciyar da baki hamsin da abincin mutum goma.

Na yi kuskure ɗaya. A gindi na 6 na dakalin tsakiya na sa zarto na datse wani tsohon hannu mai kaurin damtse, na kuma yanke shi dab da jikin uwar. Da Kawu ya shafa wurin ya yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce da na bar ɗan dungu ko tsawon yatsa ne, bushewar ta tsaya a dungun. Na kasa cin abincin dare sosai.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An gama aski. Mun kwashe busassun rassa zuwa bakin kwari mun ƙone, tokar kuma Kawu ya ce a adana a buhu, za ta yi rana. Mun canza dirka 22 na rumfunan da gara ta cinye. Mun zuba takin awaki wanda ya shekara, nesa kaɗan da gindi.

Yau kuma muka yi kwantarwa guda 7. Ana zaɓar reshe dogo mai lafiya, a haƙa rami mai zurfin kamu biyu zuwa wurin da wata ta mutu, a kwantar da reshen a ciki ba tare da an raba shi da uwar ba, a rufe, a bar bakinsa a waje da ido biyu. Uwar za ta shayar da shi har ya yi saiwarsa, bayan shekara biyu a yanke cibiya. Larabawa suna ce wa wannan tarƙid. Kawu ya ce haka aka yi ta sabunta gonar nan tun kafin a haife shi, don haka in ka tambayi shekarun wani gindi, amsar tana da wuya: kututturen da kake gani yana iya zama ɗan shekara 60, amma jikin uwarsa ne ya miƙo, ita ma daga tata uwar. Marigayi mai gonar ya sha gaya masa cewa kakansa ma tarar da su ya yi.

Da dare 'yata da ke jami'a ta zauna da wayarta tana karanto mini yadda ake ji da tsohon inabi a wasu ƙasashe. Masu yin giya ne suka fi kowa bin diddiginsa. Mu ba ruwanmu da abin da suke zubawa a kwalba, Allah ya tsare mu, amma itacen ɗaya ne, kuma abin da suka gano a kansa ya shafe ni. Tsohon gindi yana haihuwa kaɗan, 'ya'yan ƙanana, sai dai zaƙi da ƙamshi sun fi taruwa a ciki, saiwarsa kuma ta yi nisa a ƙasa har fari bai cika girgiza shi ba. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo Faransa daga Amurka ya kashe gonaki ba iyaka, har sai da aka koma aurar da inabin Turai a kan saiwar na Amurka. Kwarin Barosa a kudancin Ostireliya ya tsira daga ƙwaron, shi ya sa har yau akwai gindin da aka dasa a 1843 yana haihuwa a kan saiwarsa ta asali. A can har aji suka yi musu: mai shekara 35, mai 70, mai 100, mai 125. A garin Maribo na Sulobeniya kuwa akwai guda ɗaya jikin bangon wani gida da ta haura shekara 400.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a shekarun 1980 gwamnatin jihar Kudancin Ostireliya, inda Barosa take, ta biya manoma kuɗi don su tumɓuke inabi saboda kasuwa ta faɗi, tsofaffi da yawa suka tafi a ciki. Waɗanda suka ƙi tumɓukewa, gonakinsu ne ake alfahari da su yau. Na sa ta maimaita mini wannan wurin sau biyu.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan 1446

Ruwa ya fara tashi a jikinsu, kowane yanka yana ɗigar hawaye. Gindi na 6 ya fi kowa, har ƙasan wurin ta jiƙe. Kawu ya ce in bar shi, zai tsaya da kansa in ganye ya fito.

Saboda azumi mun mai da aiki bayan asuba zuwa hantsi.

Asabar, 22 ga Maris

Alhamdu lillahi. Huɗu daga cikin taran nan sun farka, har da wadda Kawu ya shinshina. Tohon ya fito da ɗan gashi-gashi, ja-ja a baki, daga jikin kututturen da na rantse ya mutu. Na kama hannun Kawu na ɗora a kai. Bai ce komai ba, ya dai daɗe yana shafawa. Biyar ɗin sun tafi: uku a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa. Muna da 41 ke nan. Cikin kwantarwa 7, shida sun yi toho.

Ba a samun ɗan ƙwadago yanzu ko da kuɗi, kowa ya tafi tsinkar furen wardi a Hada da Shafa, don lokacinsa ke nan kuma da sassafe ake yi. Ni da ɗana muka yi noman ciyawa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Jiya da la'asar aka yi ƙanƙara. Ba ta kai minti goma ba, amma dakalin sama da ba shi da kariya ya sha duka: ganye ya yayyage, sababbin rassa sun karye, furen da ya fara fitowa ya zube. Na baro aiki na hau tsaunin da hankali a tashe. Dakalin ƙasa, da yake bangon dutse ya tsare shi, kusan ba abin da ya same shi.

Mun cire karyayyun, muka bar sauran.

Asabar, 10 ga Mayu

Maganar ruwa ce ta cinye wannan mako. Shekara biyu da suka wuce an shimfiɗa tiyo mai ɗigo ana kunnawa kullum na ɗan lokaci. Na haƙa kusa da gindi uku don in gani. Saman ƙasa a jiƙe, cike da siraran saiwoyi kamar gashi, amma da na wuce kamu biyu sai ƙasa busasshiya. Ashe muna koya wa tsofaffin nan neman ruwa a sama ne, alhali ƙarfinsu yana can ƙasa. Kawu ya ce a da sai a cika musu kwari su sha su ƙoshi, sannan a ƙyale su kwana goma ko fiye. Mun koma haka, da adadin ruwan da ake kashewa a da, ba ƙari. Kwana uku na farko ganyen ya ɗan yi laushi da rana, zuciyata ta yi ta bugawa, amma da yamma yana miƙewa.

Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin darajar ruwan tsauni. Jiya bayan Juma'a na kai ɗana madatsar Saisad, gabas da gari, wadda aka gina da manyan duwatsu a zamanin Mu'awiya, Allah ya yarda da shi. Rubutun da aka sassaƙa a dutsen yana nan, da shekarar ginin, 58 bayan Hijira. Yaron ya yi ta ƙoƙarin karantawa da kansa. Ganuwar dakalan gonarmu aikinsu ɗaya da ita, su tare ruwan da ya gangaro su hana shi tafiya da ƙasa.

Farar cuta ta fara nunawa a dakalin tsakiya, kamar an barbaɗa gari a kan ganye. Mun busa garin farar wuta da asuba, tun kafin iska ta tashi. Ba a sa ta da zafin rana, ƙona ganye take yi. Mun kuma rage ganyen da ya cunkushe a cikin rumfa don iska ta ratsa.

Litinin, 9 ga Yuni

An yi sallar layya ranar Juma'a. Kwanakin hajji mun kasance a gona, muna rage 'ya'ya. Kowane reshe nono ɗaya muka bar masa, raunanan gindi ma ƙasa da haka. Cire ɗanyen inabi kana jefarwa a kwando ba abu ne mai daɗi ba. Inna ta karɓe su ta matse, ruwan mai tsami ta sa a miya a madadin lemun tsami.

Muna hutawa a inuwar rumfa Kawu ya ɗauko zancen da na sha ji a bakinsa, amma yau ya shige ni dabam. A shekara ta 10 da aiko shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo garin nan, mutanensa suka sa aka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini. Ya fake a gonar Utba da Shaiba, 'ya'yan Rabi'a, a inuwar inabi. Suka aiko bawansu Addasu, Kirista mutumin Ninawa, garin Annabi Yunusa, da nonon inabi a faranti. Masallacin da ke ɗauke da sunan Addasu yana nan a Masna har yau. A shekara ta 8 bayan Hijira, lokacin da aka kewaye garin, an fara saran inabin Saƙifawa, wato mutanen garin, suka roƙa a bar shi don Allah da zumunta, aka kuwa bari. Abbas ɗan Abdul Muɗɗalibi da zabibin Ɗa'ifa yake zaƙaƙa ruwan da yake shayar da mahajjata. Kafin Musulunci garin ya yi suna da giya ma. Da aka haramta ta, gonakin ba su mutu ba, suka ci gaba da ba da 'ya'ya da zabibi da ruwan khal, wato ruwan tsamin inabi da ake kira binega. Har Uzbekistan akwai irin inabin da ake kira da sunan garin nan.

Kawu ya ce, "Ɗan nan, ban ce maka wannan gindin ne aka tsinko wa Annabi ba. Amma ƙasar ce, ruwan ne, sanyin ne." Na rubuta yadda ya faɗa.

Asabar, 5 ga Yuli

Baƙin ya fara juya launi, farin ya fara laushi yana ɗaukar haske. Tare da haka maƙiya suka iso. Garken gwaggon biri ya sauko daga tsauni ranar Talata da asuba ya yi wa gindi huɗu na dakalin sama tas, abin da ƙanƙara ta rage. Ɗana da ɗan maƙwabcinmu suna kwana a bukka yanzu, da kare da gwangwanin bugawa. Tsuntsaye da rina kuwa, mun sa wa nono 300 jakar takarda, muka rataye kwalabe masu ruwan sukari a gefen gona.

Mun rage ban ruwa. In suka sha da yawa a wannan gaɓa 'ya'yan fashewa suke yi.

Asabar, 26 ga Yuli

Ɗan mai gonar ya zo da iyalinsa, gudun zafin Jidda. Ban yi masa dogon bayani ba. Na buɗe jaka ɗaya a dakalin ƙasa na yanko masa raziƙi. 'Ya'yan dogaye, ruwan zuma-zuma, ana hango ƙwallon ta cikin fatar in ka ɗaga wa rana. Ya ci ɗaya, ya ci na biyu, ya kira matarsa. Ya ce rabonsa da wannan ɗanɗano tun yana firamare, lokacin da mahaifinsa yake ɗora shi a wuya ya tsinko. Daga nan na ba shi labarin Barosa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Baffa, duk na ji, amma sikeli muka yi da kai." Na ce haka ne.

Juma'a, 15 ga Agusta

Mun yi kwana 12 muna tsinka, da asuba kafin rana ta taɓa su. Jimla kilo 487. Dakalin ƙasa, mai gindi 14, shi kaɗai ya ba da 236. Na tsakiya 198. Na sama, gindi 11, kilo 53 kacal. Gindi na 6 da na ji wa ciwo ya ba da kilo 7, gefen yankan kuma ya bushe ya gangara kusan kamu ɗaya. Yana raye dai.

In aka gwada da sabuwar gonar maƙwabcinmu, ko rabinta ba mu kai ba a kan gindi ɗaya. Wannan gaskiya ce, kuma na faɗa wa mai gonar kafin ya tambaya. Sai dai namu bai je kasuwar kwari ba. A bakin titi ɗana ya sayar wa masu zuwa hutu, kwali-kwali, a kusan ninki biyu na kuɗin da ake sayar da marar ƙwallo, kuma wasu sun dawo washegari suna tambayar na jiya.

Kilo 80 na ware don zabibi. Nan tokar Fabrairu ta yi ranarta: Inna ta tace ruwan toka kamar yadda ake yi na miya, ta ɗiga man zaitun kaɗan, aka ɗumama, muna tsoma kowane nono muna cirewa nan take. Ruwan tokar yana yi wa fatar 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani, sai ta bushe da wuri. Mun shanya a kan tabarmi a soro, da gidan sauro a kai saboda rina.

Waɗanda suka fashe kuwa na so in yi khal da su, amma raina bai kwanta ba, don na san an tambayi Annabi game da mai da giya khal ya hana. Na je wurin limamin masallacinmu. Ya ce in zuba tsohon khal a cikin ruwan inabin tun ranar da aka matse shi, da yawa, yadda tsamin zai rinjaya tun farko. Haka na yi, tulu biyu, na ɗaure bakinsu da ƙyalle.

Asabar, 30 ga Agusta

Zabibi ya bushe, kilo 19. Na kai wa mai gonar kilo 5 har Jidda, tare da takardar lissafi.

Ga abin da ya yanke. Dakalin sama za a tumɓuke shi a watan Disamba, gindi 11, ya gwada sabon irinsa a wurin. Sauran 30 ya bar mana su shekara uku, kuma zai biya kuɗin raga ta kare ƙanƙara a dakalin tsakiya. Na roƙi a bar ko biyu daga na saman, ya ce a'a, injin ba zai iya juyawa ba.

Da na gaya wa Kawu, ya tambaye ni ko wadda ta farka a Maris tana cikin 11 ɗin. Tana ciki. Ya ce to in je yau in ɗaura ƙyalle a rassanta mafi lafiya, da na sauran goman, kada a taɓa su har ganye ya zuba, mu yanki dashe mu binne a yashi mai laima kafin injin ya zo. Na ɗaura wa reshe 64 kafin magariba.

An ba shi ranar aikin ido a watan Oktoba. Kafin nan akwai ban ruwa mai zurfi sau biyu don su tara ƙarfin baɗi, da gyaran ganuwar dakalin tsakiya da ta zube wuri biyu, da neman wanda zai sayar mana da takin awaki tun yanzu ya kwanta. Kwantarwar nan shida, mafi tsawonsu ta kai kafaɗata.